Numfashin kwantar da hankali jiri yake sa ni, ina kuskuren yake?

Ɗan Kasuwar Dole:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Da na kwanta da dare sai lissafin shago da bashin da ke hannun mutane da kuɗin lakkol na yara su taso mini gaba ɗaya, gabana yana faɗuwa, wuyana ya ɗaure. An ce in riƙa zama ina jan dogon numfashi ina kawar da tunani. Kwana huɗu ke nan ina gwadawa: jiri nake ji, yatsuna kamar tururuwa na yawo a ciki, tunanin ma ƙaruwa ya yi. Abin ne bai karɓe ni ba, ko ni ne ban iya ba?

Majo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Jirin daga yadda kake jan iskar ne. Wannan kalma ta "dogon numfashi" ita ke ɓatar da mutane, sai mutum ya cika ƙirji da ƙarfi, ya fesar, ya sake cikawa. Yin haka yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, hanyoyin jinin kai su ɗan tsuke, shi ne jirin da tururuwar yatsu. Da ka koma numfashinka na kullum zai wuce cikin ƴan mintuna.

A hankali ake so, ba da yawa ba. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kai kuma wajen 6 za ka nufa. Ka zauna a tabarma ka jingina da bango, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga 4 a zuci, sannan ka fitar ta baki, leɓe a tsuke kamar mai hura kunu mai zafi, kana ƙirga 6. Hannun cibiya ne zai riƙa tashi yana sauka. In na ƙirji ne ke motsi, kafaɗu na ɗagawa, to ka koma gidan jiya, rage yawan iskar.

Fitarwar ce ta fi tsawo saboda dalili. Zuciya tana ɗan ƙara sauri lokacin shaƙa, tana lafawa lokacin fitarwa, domin a nan ne wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa zuciya da ciki take taka mata birki. Numfashi ɗaya daƙiƙa 10 ke nan. Ba sai ka duba agogo ba: ƙwaya 33 na carbi, kowace ƙwaya numfashi guda, minti biyar da rabi cif. In 4 da 6 sun yi maka tsawo ka fara da 3 da 5. Kada ka riƙe numfashi a tsakani, kada kuma ka yi shi ciki cike da tuwo.

Sau biyu a rana, bayan asuba da bayan magariba, lokacin da hankalinka ke kwance. Wanda ya bari sai gaba ya fara faɗuwa ƙarfe biyu na dare sannan zai koya, ya fafe gora ranar tafiya.

Malama ta Birni:
Yaya, wanda ya ce ka kawar da tunani shi ya ɗora maka aikin da ba ya yiwuwa. Gwada yanzu: minti ɗaya kada ka tuna raƙumi. Ai ka ga ya shigo da amalensa.

Horon lura da tunani ba tare da korar sa ba, a siffar da likitoci ke amfani da ita yau, Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a asibitin jami'ar Masacusets ta Amurka, mako 8, kullum wajen minti 45. Ba sai ka kai haka ba, amma ka lura mako 8 aka ce, kai kwana huɗu ka yi. Kuma a cikinsa babu inda ake korar tunani. Ka aje hankalinka wuri ɗaya, misali sanyin iska a bakin hanci. Ba za a daɗe ba zai sulale ya tafi shago. Da ka farga sai ka kira abin da sunansa a zuci, "lissafi ne", "tsoro ne", ka dawo hanci. Wannan dawowar ita ce aikin kanta. Ko sau ashirin ka yi ta cikin minti biyar, ba ka faɗi ba. Inda ake ɓatawa shi ne mutum ya hau kansa da faɗa, "kai ni ban iya komai ba", sai ya ƙara wata damuwar a kan ta farko.

Batun ƙaruwar tunani kuwa, dama yana nan. In injin niƙa na maƙwabta ya tsaya sai ka ji kukan kaji, ba lokacin suka fara ba.

Sai dai bashi bashi ne, numfashi ba ya biyan sa. Ka ware minti 15 bayan la'asar da karne da biro. Ka ja layi a tsakiyar shafi: gefe ɗaya abin da ke hannunka, ɗaya gefen abin da ba ka da iko a kansa, kamar canjin naira ko rufe iyaka. Kowane abu na gefen farko ka rubuta masa mataki guda da rana, "Laraba in je wurin wane in karɓi ko jaka biyar". In ya taso da dare ka ce masa yana cikin karne, sai gobe la'asar. Kada ka yi rubutun nan daf da kwanciya, farkar da kai zai yi.

Na Garin Malam:
Allah ya saka wa Majo da Malama. Ƙarin da zan yi kaɗan ne. Sau biyar a rana muna da wurin yin wannan, alwala. A maimakon wanke gaɓɓai hankali na kasuwa, mutum ya ji sanyin ruwan buta a tafin hannu, a fuska, a tsakanin yatsun ƙafa. Natsuwa kuma tana cikin farillan salla da ake karantarwa tun a zaure, a bar kowace gaɓa ta zauna a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Kuma don Allah a daina ce wa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Addu'a da zuwa likita ba kishiyoyi ba ne.

Mai Farmasi:
Duk kun yi daidai amma kun tsallake barrad ɗin shayi. Alhaji, kofi nawa kake sha, kuma ƙarfe nawa? Sinadarin da ke hana barci a shayi da goro da Nescafé yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha na farko mai ɗaci a fada ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 2 rabi na nan yana kaɗa masa zuciya. Ko numfashin wa ya koya ba zai yi barci ba. Ka tsayar da shi daga azahar. Kada ka yanke rana ɗaya, ciwon kai zai kama ka na kwanaki, ka rage kofi ɗaya duk bayan kwana uku.

In ka kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna wani wuri mai duhu-duhu, ba tare da salula ba, sai ka ji gyangyaɗi ka koma. In ba haka ba jiki zai saba cewa shimfiɗa wurin lissafi ce. Ƙailula kada ta wuce minti 30, ko da a zafin Afrilu da Mayu ne.

Abu ɗaya nake roƙon ka: ƙwayar barci irin diyazefam, da maganin ciwo irin tramol, na masu yawo da magani a tire, kada ka fara. Makonni kaɗan jiki ke sabawa, adadin ya yi ta hawa. Wanda ya riga ya saba kuma kada ya yanke kai tsaye, yana iya jawo jijjiga, sai likita ya rage masa mataki-mataki.

Ɗan Kasuwar Dole:
Na gode ƙwarai. Shayin nan kam an kama ni, har na uku nake jira. To kwana nawa zan ba abin, kuma yaushe ne ya zama sai na je likita?

Majo:
Ka ba shi mako biyu zuwa uku kullum ba fashi kafin ka yanke hukunci. Amma tansiyo kada ka jira, ka je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, cikin makon nan. Kada ka sha shayi rabin awa kafin awo, ka zauna minti biyar tukuna. In ya kai 14/9 ko ya wuce a awo fiye da ɗaya, magana ce ta daban. A duba yawan jini ma, da maƙoshi, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duka suna kawo bugun zuciya mai kama da fargaba.

Ciwon ƙirji mai nauyi da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa da sarƙewar numfashi, wannan ba na zaman tabarma ba ne, a tafi babban asibiti nan take. In kuma baƙin ciki ya kai mako biyu, abinci ba daɗi, shagon ma ba ka son buɗewa, ka nemi a tura ka wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Tunanin gara mutuwa in ya zo, a ranar ake faɗa wa wani na kusa a tafi tare.

Ga masu karantawa da suka taɓa ganin tashin hankali, hari ko mummunan haɗarin mota: rufe ido yakan dawo da hoton abin. Ku bar ido buɗe, tafin ƙafa a ƙasa, ku lissafa abu biyar da kuke gani a ɗakin da abu huɗu da jikinku ke taɓawa. In ya ci gaba da tasowa a dakata sai an ga ma'aikacin lafiya.

Ranar zuwa CSI ka tafi da karnen nan, Alhaji, a bayan shafi ka rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka farka, da kofi nawa ka sha kowace rana.