Wai daular Murabiɗun ce ta kawo mana Malikiyya?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana tarihi a taimaka. Gardama ake a majalisarmu, wani yace wai Murabiɗun ne suka kawo mazhabar Malikiyya ƙasar Hausa, ni kuma iya sanina a Maroko suka yi mulki, to ina Maroko ina nan?

Almajirin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Dakarunsu kam basu taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma mai maganar yana da ƙamshin gaskiya. Asalinsu ƙabilar Sanhaja ne na Sahara wajen Muritaniya ta yau, shugabansu Yahaya bn Ibrahim da zai dawo daga hajji ya biya Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya neman malamin da zai karantar da mutanensa, ta nan aka samu Abdullahi bn Yasin, Bamalike ne mai tsauri sosai, daga karantarwa abu ya koma jihadi har suka kafa Marrakesh, sarkinsu Yusuf bn Tashfin ya tsallaka Andalus ya ci Alfonso, sarkin Kiristocin Kastila, da yaƙi a Zallaƙa a 1086. Inda abin ya shafe mu shine hanyar fatauci ta Sahara ta koma hannunsu, ayari ya tafi da zinare ya dawo da gishiri da littattafan fiƙihu da malamai. Karatun ya zauna a Mali, Wangarawa kuma suka iso da shi Kano zamanin Sarki Yaji.

Maman yara, Unguwar Rimi:
Allah ya saka da alheri malam. Ni wallahi Ashafa ce ke taɓa min zuciya, wadda malamanmu ke karantawa duk azumi. Alƙali Iyad da ya rubuta ta ai alƙalin Murabiɗun ne a garin Sabta, ya rasu a Marrakesh 1149, shekara biyu bayan Muwahhidun, daular da ta gaje su, sun kifar da mulkinsu. Allah ya jiƙan bayinsa.

Na Kawo:
Amin Hajiya. Amma fa kar a basu duka, mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya rasu tun 996 kafin ma a san da su, Borno kuma ta wata hanyar karatu ya zo mata ta Fezzan. Sannan a zamanin Ali bn Yusuf ne aka ƙona Ihya ta Imam Ghazali a Ƙurɗuba, wannan abu har yau yana min ciwo.

Ɗan Rigasa:
Na gode ƙwarai malamai. To ruwayar Warshu da muke wanke allo da ita fa, ita ma ta hanyar Mali ɗin ta zo ko ta Borno?