Me za mu kira "habitat fragmentation" da Hausa?

Mai fassara:
Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar Hausa ta "habitat fragmentation" don rubutun kare tsuntsayen daji. Abin da ake nufi shi ne daji guda mai faɗi a keta shi da titi, ko gona, ko layin wutar lantarki, ko tafkin madatsar ruwa, har ya koma ƙananan wurare da ba su haɗe da juna. A yawancin rubuce-rubuce "lalacewar muhalli" ake sawa, amma wannan riga ce mai shiga kowa: gurɓatar ruwa lalacewar muhalli ce, hayaƙin mota ma haka. Wasu kuma suna cewa "rarrabuwar muhalli". Me kuka gani?

Malamin nahawu:
Wa'alaikumus salam. Malam, a fara da kalmar farko tukuna. Muhalli ya riga ya samu aiki, ga ma'aikatar muhalli, ga tsaftar muhalli, kada a ɗora masa kaya biyu. Wurin da wata halitta take ci, take sha, take hayayyafa, "mazauni" ya fi dacewa da shi. Sai dai a yi hattara da jam'insa. Wanda ya karanta "mazaunai" a rediyo ya san inda hankalin mai sauraro zai tafi. A tsaya kan tilo, in jam'i ya zama dole a ce "wuraren zama". Matsuguni kuwa labarai sun janye shi zuwa 'yan gudun hijira, a bar musu.

Ma'aikaciyar gandun daji:
Na yarda da mazauni. Rarrabuwa ce ban yarda da ita ba. Idan aka raba gado, abin da aka tara daga hannun magada daidai yake da abin da mamaci ya bari. Daji ba haka yake ba, kuma lissafi zai nuna.

A ɗauki daji mai kusurwa huɗu, mita 1000 kowane gefe, hekta 100 ke nan. A ƙaddara zafin rana, busasshiyar iska da mafarautan ƙwai suna shiga mita 100 daga kowane baki. Abin da ya rage a ciki mita 800 sau 800, hekta 64. To a keta shi da siraran hanyoyi biyu, ɗaya gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa. An samu yanki huɗu, kowanne kusan mita 500 sau 500. A cire mita 100 daga kowane baki, saura 300 sau 300, hekta 9. Sau huɗu, 36. Bishiyoyin da aka sare domin hanyar ba su taka kara sun karya ba, in an duba hoton tauraron ɗan Adam dajin yana nan kore shar, amma tsuntsun da ba ya zama sai can ciki ya tashi daga hekta 64 ya koma 36. Yankin hekta 10 ragowarsa hekta ɗaya da ɗan ɗoriya. Na hekta 1 kuwa duk baki ne, ba shi da ciki ko taki ɗaya.

Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki wannan asarar.

Mai fassara:
To "gutsuttsura" fa, Malama? Gutsuttsurewar mazauni.

Malamin nahawu:
Tana da hoto mai kyau, amma harshe zai sha wuya, mai karanta labarai zai yi tuntuɓe a kanta sau uku kafin ya kai ƙarshen jimla. Sannan gutsure yana nuna an ɓalli wani abu daga gefe an tafi da shi. A nan yankunan suna inda suke, tsakaninsu ne aka shiga.

Mai binciken tsuntsaye:
Allah gafarta Malam, ka taɓo wurin. Tsakanin shi ne maganar. Mutane suna ɗauka duk mai fiffike zai tsallake fili, alhali tsuntsayen ƙarƙashin kurmi da yawa ba sa yi. A Panama an gwada: aka kama tsuntsaye da raga, aka sa su a kwalekwale, aka sake su a kan tafkin Gatun daga nisan mita 100, 200 da 300 da gaɓa. Wasu nau'o'in suka ƙetare ba wahala. Wasu ko mita 100 ba su kai ba suka faɗa ruwa aka tsamo su. Fiffikensu gajere ne, na tsalle daga reshe zuwa reshe a cikin duhu. A wannan tafkin ne tsibirin Barro Colorado yake, wanda da can kan tudu ne a tsakiyar kurmi, ruwa ya kewaye shi lokacin da aka gina mashigin Panama. An killace shi tun 1923, ba a sara, ba a noma, amma gomman nau'o'in tsuntsaye sun ɓace daga cikinsa, domin in suka ƙare babu inda wasu za su shigo su maye gurbi.

Babban gwajin da ake kafa hujja da shi yana Brazil, kimanin kilomita 80 arewa da birnin Manaus. Masanin halittu Thomas Lovejoy ya assasa shi a 1979. Dokar ƙasar a lokacin ta tilasta wa masu kiwon shanu a Amazon su bar rabin filinsu kurmi, sai aka shirya da su a bar shi a yankuna masu awo, hekta 1, hekta 10 da hekta 100. Kafin a sare kewaye an kafa raga an kama tsuntsayen wurin an sa musu zobe a ƙafa, bayan an sare aka ci gaba da kamawa. Da farko adadin da ke faɗawa raga ƙaruwa ya yi, saboda waɗanda aka sare wa gida sun tururo ciki. Wanda bai sani ba zai ce abin ya yi kyau. Bayan 'yan watanni sai adadin ya rufta. Masu fara tafiya su ne masu bin kwarkwasa, tsuntsayen da abincinsu ƙwarin da rundunar kwarkwasa ke tayarwa in tana tafe. Rundunar tana buƙatar fili mai faɗi, ƙaramin yanki ba ya riƙe ta, in ta tafi masu bin ta sun tafi. Sai garken tsuntsaye masu cin ƙwari, waɗanda nau'o'i daban-daban ke kiwo tare, shi ma ya watse. An kiyasta cewa yankin hekta 100 yana rasa rabin nau'o'in tsuntsayen ƙarƙashin kurminsa cikin ƙasa da shekara 15.

Saboda haka ina ba da shawarar "datse". Ana datse itace, wato a yanke shi a gicciye. Ana datse hanya, wato a hana wucewa. Kalma ɗaya ta ɗauki yankan da tarewar.

Malamin nahawu:
Madalla, Dakta. Kuma tana karɓar ninki ba gardama: datse, daddatse, a wurare da yawa ke nan. Idan ana maganar mai aikatawa sai a ce "titin ya daddatse dajin". Idan ana maganar halin da wurin ya shiga, "daddatsewar mazauni". Ga madatsar ruwa ma daga tushen take, mai sauraro ba zai ji baƙon abu ba.

Mai tsara taswira:
Ina goyon baya, da sharaɗi ɗaya: kada a bari ta haɗiye "asarar mazauni". Abu biyu ne, ko da yake tare suke zuwa. Asara ita ce yawan hektar da ta tafi. Daddatsewa ita ce yadda ragowar ta kasu. Lenore Fahrig ta Jami'ar Carleton a Kanada ta daɗe tana jan kunne kan wannan tun 2003, cewa yawancin ɓarnar da ake jingina wa daddatsewa ta asarar ce, kuma in yawan dajin bai canza ba, kasuwarsa ƙanana ba kullum take cutarwa ba. Wasu masana sun ja da ita sosai, muhawarar ba ta mutu ba. Amfanin maganarta a aikace shi ne kada wani ya ce ƙaramin yanki ba shi da amfani a sare shi. Idan kalmominmu biyu suka cakuɗe, wannan muhawara ba za ta faɗu da Hausa ba.

Ma'aikaciyar gandun daji:
Haka ne. Sauran 'yan rakiyar kalmar ma a gama da su yau. Yankin da ya rage: guntun daji, guntayen daji. Can cikin da illa ba ta kai ba: ƙuryar daji, kamar ƙuryar ɗaki. Abin da ke faruwa a gefe kuma, na so in ce "illar baki".

Malamin nahawu:
A'a Malama, wannan sai a ɗauka bakin mutane ne ya kama dajin. A cika ta: illar bakin daji.

Mai binciken tsuntsaye:
Kuma duk inda aka rubuta ta a faɗi nisanta, domin ba awo ɗaya ba ne. Mita 100 da aka yi lissafi da ita a sama misali ce. A gwajin Manaus bushewar ƙasa da zafi sun fi tsanani a 'yan mitocin farko, amma iska tana kayar da manyan bishiyoyi har kusan mita 300 ciki. A Arewacin Amurka illar wata iri ce: akwai tsuntsu mai bin shanu a fili wanda ba ya gina sheƙa, macen tana shiga bakin daji ta saka ƙwanta a sheƙar wani, an same shi a sheƙar nau'o'i sama da 200. Ɗanta yakan riga 'ya'yan gida ƙyanƙyashewa, ya fi su girma, ya cinye abincin. A guntun daji kusan kowace sheƙa tana kusa da baki, don haka iyayen tsuntsaye suna nan suna kuka kowace shekara, mai ƙidaya yana rubuta su, amma 'ya'yan da suke fitarwa ba su isa maye gurbinsu ba.

Mai fassara:
Saura zirin bishiyoyin da ake bari ko ake dasawa don haɗa guntu da guntu. Burtali zai yi?

Mai tsara taswira:
Zai yi, kuma da wuya a samu wadda ta fi ta, tunda burtali hanyar dabba ce da ta ratsa tsakanin gonaki. Bambancin kawai, burtalin shanu fili ne a tsakiya da shinge a gefe, na tsuntsun kurmi kuwa bishiyoyi ne a tsakiya da fili a gefe. A ce "burtalin daji". Wajen aiki, faɗinsa ne ke kayar da mutane. In illar bakin daji tana shiga mita 100 ta kowane ɓangare, burtalin da bai wuce mita 200 ba ba shi da ƙurya, wucewa kawai za a yi ta cikinsa, ba zama ba. Dokar gandun dajin Brazil ta ce a bar mita 30 a kowane gefen ƙaramin rafi. Wannan yana riƙe gaɓa, yana ba wasu tsuntsaye hanya, amma bai isa mazauni ga na ƙurya ba. Sannan kada a bar giɓi a tsakiyarsa: hanyar mota mai faɗin mita 30 zuwa 40 ta isa ta tsayar da wasu nau'o'in, sai dai in rassan sama sun haɗe a kanta. A Manaus an ga cewa inda aka bar saran ya tsiro ba tare da an ƙone shi ba, tsuntsaye sun fi saurin komawa guntayen fiye da inda aka sa wuta aka yi kiwo.

Mai fassara:
Bari in gwada a jimla: "Daddatsewar mazauni ta rage ƙuryar daji, don haka aka dasa burtali tsakanin guntayen biyu."

Malamin nahawu:
Ta zauna, gyara ɗaya ne. Ba a dasa burtali, bishiyoyi ake dasawa. A ce "aka fitar da burtalin daji", ko "aka dasa bishiyoyi suka zama burtali".