Muhawara: Shin lissafin ɗigo ya isa, a bar su sulusi da sumuni?

Akanta: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai a ganina wahalar banza ake ba yara da lissafin kaso, su sulusi (1/3) da sumuni (1/8). Tun 1 ga Janairun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira mai kobo ɗari. Litar mai, sikeli, mitar wuta, duk da ɗigo suke aiki. Tsakanin 5/8 da 7/11 wanne ya fi yawa? Sai ka zauna ka yi ta jujjuyawa. Amma 0.625 da 0.636, kallo ɗaya ya wadatar.

Malamin fara'id: Wa alaikumus salam. Alhaji, zo mu raba gado da ɗigon naka. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Mata sumuni, 'ya'ya sulusi biyu, uwa sudusi (1/6), uba sudusi. Asalin mas'ala, wato adadin kason da ake fara kasa dukiyar, 24 ne: mata 3, 'ya'ya 16, iyaye hurhuɗu. Haɗa ka ga 27, wato rabon ya fi dukiyar. Wannan shi ne auli, kuma ita ce mas'alar da ake kira Minbariyya. Sai a kasa dukiyar kashi 27, ragin ya taɓa kowa daidai gwargwadon haƙƙinsa. Idan naira 2,700,000 ya bari, kowane kaso 100,000 ne: mata 300,000, 'ya'ya 1,600,000, uwa da uba 400,000 kowannensu. Wanda ya buga 0.125 kai tsaye zai miƙa wa matar 337,500, kuɗi su ƙare kafin a sallami kowa da kowa.

Akanta: Allah gafarta Malam, ai kalkuleta ma za ta yi. Raba 0.125 da 1.125, wato jimillar rabon kowa (27/24), ka sami 0.111.

Malamin fara'id: To ninka 0.111 ɗin da dukiyar: 299,700. Naira 300 da ta zube haƙƙin wa ce? Sumuninta ya koma tusu'i, ɗaya bisa tara, kuma ɗigo ba ya iya rubuta shi cif, ko sulusi ma 0.333 ne har abada. A haƙƙin marayu ba a cewa "kusan".

Tela: Malam ya yi gaskiya, ga ta ɓangarenmu. Inci a jikin tef gida takwas ne, ba goma ba. Ƙugu 35 a raba huɗu, waya ta ce 8.75. Yaron shago ya ga bakwai sai ya ƙirga layi bakwai bayan takwas, alhali 0.75 layi shida ne, wato kwata uku. Layi ɗaya ya ƙaru a kowane ɓari, ɓari huɗu, wando ya yi yawa da rabin inci. Irinsa ne a lokaci: awa 1.5 awa ɗaya da rabi ce, ba da minti hamsin ba.

Mai harhaɗa magani: Kada dai a yi wa ɗigo taron dangi. A magani shi ne hanya, domin sirinji a mililita aka zana shi. "Rabin cokali" ba awo ba ne, cokulan gida sun sha bamban, shi ya sa ake rubuta 2.5 ml. Haɗarinsa a rubutu yake. Idan aka rubuta .5 ɗigon ya shafe, ya zama 5, ninki goma ke nan a jikin jariri. Don haka a sa sifili a gaba, 0.5, kuma kada a rubuta 5.0, don ana iya karanta shi 50.

Ɗan kasuwa daga Maraɗi: Hajiya, ƙara da wannan. A Nijar tsarin Faransa muke bi, waƙafi ne a madadin ɗigo. In na rubuta 1,250 a takardar awo, kilo ɗaya da kwata nake nufi, mutumin Katsina kuwa dubu da ɗari biyu da hamsin zai karanta. Duk takardar da za ta tsallaka iyaka, a rubuta adadin da kalmomi a gefe.

Akanta: Gado da tef na bar muku, a koya wa yara. Amma littafin ciniki da takardar banki, a nan ina kan bakana. Malam, in akwai ɗa namiji a cikin magadan nan, har yanzu 27 ne?

Malamin fara'id: A'a, babu auli. A kan 24 take: mata 3, iyaye 8, ragowar 13 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu.