Turaren wuta yana toshe mini ƙirji, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Wata huɗu ke nan da aurena, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Da an zuba turaren wuta a kasko, ko minti biyar ba a yi sai tari ya turnuƙe ni, ƙirjina ya ɗaure, numfashina yana fita da ƙara kamar kukan mage. Daren jiya a zaune na kwana. Humra ma haka take mini, har turaren feshin maigida. Tun shigowar hunturu abin ya ƙaru. Ga gwaggonsa ta kawo mini kwalabe cike, duk zuwanta sai ta tambayi dalilin da ɗakin amarya ba ya ƙamshi. Tsorona kada a ce ni ƙazama ce. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, wannan ya yi kama da asma, amma likita ne zai tabbatar. Hayaƙi da ƙamshi mai ƙarfi suna sa hanyoyin iska na huhu su tsuke, cikinsu ya kumbura, majina ta taru. Ƙarar da kike ji ke nan, ƙura da sanyin hunturu kuma suna ƙara tsananta shi. Ki je asibitin koyarwa na Shika a yi miki gwajin hura iska. Inhela, wato maganin asma da ake shaƙa ta baki, iri biyu ce: akwai mai salbutamol, galibi shuɗiya, wadda ke buɗe hanya nan take, akwai ta kullum mai rage kumburi. Duk ranar da kika kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓenki ya canja launi, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Wata daga Samaru: Ni ma ina da asma. Na daɗe ina gudun inhela saboda ana cewa in ka fara ba ka dainawa. Ba gaskiya ba ne, wahala kawai na sha. Kada ki je kemis a haɗa miki ƙwayoyi. Maganin sauro mai hayaƙi ma ki bar shi, ki ɗaura gidan sauro.

Wata daga Sabon Gari: Ki riƙa turara kayan a waje mana, kafin a shigo da su.

Mai tambaya: Na gwada, 'yar'uwa. Ƙamshin da ya kama labule ma yana tayar mini.

Wata uwa daga Ƙofar Doka: 'Yata, tsafta daban, turare daban. Shara, wanki da buɗe taga sun wadatar. Kuma ba ke za ki tunkari gwaggo ba, mijinki ne zai yi mata bayani cikin ladabi. Ki ja shi ku je wajen likita tare ya ji da kunnensa.

Mai tambaya: Na gode, Mama. Na nuna masa saƙonninku, ya yi shiru, ya ce shi duk ya ɗauka mura ce. Ya kwashe kwalaben ya kai ɗakin waje. Ranar Litinin da sassafe za mu je Shika in sha Allah. Ku sa ni a addu'a.