Sauro da Randa: Musayar Baituka

Uwar Biyu:
Malamai, ga tambaya ta dame ni,
Sauro ya bar kowa ya zaɓe ni,
Ga ƙanwata a gefe, bai taɓa ta ba, sai ni,
Wai zaƙin jini ne ya jawo mini?

Ɗalibin Kimiyya:
Hajiya, zancen zaƙi tatsuniya ce,
Mai cizon ma ba namiji ba, tamata ce,
Jini take nema don ƙwai, buƙatar uwa ce,
Shi namiji ruwan fure ya sha ya wuce.
Numfashinki take bi daga nesa, alama ce,
Sai ɗumin jiki da warin fata, kafin ta dace.
An auna a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, 2022 ce,
Mai yawan asid a maiƙon fata, kansa take dacewa, ba ta kauce.

Baba Mai Randa:
To ɗana, in hanci ne makaminta,
Me ya hana masana su toshe mata?

Ɗalibin Kimiyya:
An gwada, Baba, a 2013 aka taɓa ta,
Ƙwayar gadon jin wari mai suna orco aka lalata,
Mutum da dabba suka zama ɗaya a wurinta,
Amma da ta ji numfashi, cizo bai bar ta.
Jijiya guda na jin wari iri-iri a kanta,
Ka rufe ƙofa, ta taga za ta shigo abinta.

Ɗiyar Damagaram:
Yayye, kun bar tushen, ga ni da tonowa.
Aedes, sauro mai ɗigon fari, a kurmi take rayuwa,
Ƙwai a kogon itace, jinin dabba take tsotsowa.
A Sahel ɗinmu rani ya yi tsawo, babu ruwa,
Sai tulu da randa, nan ta koma haihuwa,
Shekara wajen 5,000, tun Sahara na bushewa,
Son warin ɗan Adam ya shiga gado, jikoki na ɗaukowa.
Wuri 27 aka bi a Afirka, ƙwanta ana kwasowa,
Na Senegal suka fi son mutum, ba su da na biyu kuwa.
Jiragen bayi suka haye da ita teku, ta ci gaba da yaɗuwa.
Maleriya dai aikin sauron Anofilis ne, mai dare da zuwa,
Ita Aedes cutar shawara da zazzaɓin dengi take rabawa,
Da rana take cizo, gidan sauro na rataye ba ya tarewa.

Baba Mai Randa:
Ashe a tsakar gidana nake kiwonta!
Randa uku a buɗe, ni ke shayar da zuriyarta.
'Yata, kin gama da ni, baitina ya gaza naki tsawo,
Bari in aiki yaro kasuwa, faifai uku ya sayo.