Zan kai Baba Kanwuri da Hubbare, wace rana ta fi dacewa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aure ne ya kawo ni Sakkwato, ina zaune a Mabera, har yanzu ban san cikin gari sosai ba. Mahaifina zai zo daga Zariya ƙarshen wata. Dattijo ne, ga ciwon gwiwa. Ya ce ba ya son a ɗauke shi a mota ana nuna masa gini ta gilashi, so yake ya zauna Kanwuri, wato ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ya ga yadda mutane ke harkarsu, sannan ya ziyarci Hubbaren Shehu. Tun muna yara yake ba mu labarin Shehu, ina so wannan zuwan ya cika masa burinsa. Wace rana ta fi, kuma ta ina za mu fara?

Dattijon Gidadawa:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka da kinka tuna da wanga. Ku zo da sahe, ku fara da Hubbare tun rana ba ta yi zahi ba. Nan ne gidan da Shehu ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, nan kuma anka rufe shi a 1817. Ku cire takalmi, ku yi sallama, ku yi addu'a, kada a ɗaga murya. Masu kula da wurin za su nuna muku komi. Kada Baba ya nemi kabarin Muhammadu Bello nan, shi Wurno yake kwance, ko da yake shi ya gina Sakkwato a 1809.

In kun hito sai Kanwuri. Abin da nike so ki gane, ƙofar fada ba gidan kallo ba ce, wurin zaman mutane ne. Za ku ga dogarai da jan kaya da kore, ga hakimai na shigowa gaisuwa da rawunansu, ga wanda ya taho daga ƙauye da kukansa yana jiran a yi mai iso. Can gefe malami na tare da almajirai, mai goro na jiƙa algarararsa. Ki samo wa Baba inuwa, ya gaida dattawan da ya tarar. Da sun ji baƙo ne daga Zazzau, hira ta ɓarke, shi kenan kin gama aikinki.

Bashar Ɗan Kabu-kabu:
Baba na Gidadawa ya faɗi gaskiya, sai dai ni Juma'a zan ce. Ranar ce wurin ke cika, jama'a na kwarara Masallacin Sarkin Musulmi Bello, masu turare da hula da carbi sun baza kaya bakin hanya. Wanda bai ga Kanwuri ran Juma'a ba bai ga komi ba.

Inna ta Kofar Rini:
Bashar, mai ciwon gwiwa za ka tura cikin cunkoson Juma'a? A'a. Ku je Laraba ko Alhamis ku zauna a natse. In yana da ƙarfi, maigidanki ya raka shi masallaci ran Juma'a da wuri ya samu sahu.

Ke kuma ƙanwata, ki sa babban hijabi, ki riƙe 'yan canji na sadaka don za ki tarar da mabuƙata a ƙofar Hubbare. Kada ki manta Nana Asma'u ma nan take kusa da mahaifinta. Ni ita ke kai ni wurin. Matar da ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru tun wancan zamani, wallahi duk na tsaya can sai na ji nauyin rashin karatuna. Ki yi mata addu'a ta musamman. Ki tafi da ruwa da tabarma ƙarama, kuma kada ki ɗauki hoton kowa sai kin tambaya, dattawan nan ba su son haka.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhamis za mu je insha Allah. Baba na Gidadawa, gidan tarihi na Waziri Junaidu fa, za mu iya haɗawa rana ɗaya ko ya yi wa tsoho yawa?

Dattijon Gidadawa:
Ya yi yawa. Ki bar mai wata rana daban, rubuce-rubucen hannu na can ba a kallonsu a tsaitsaye.