Ril mai sauƙin kuɗi: Sienna ko Crossfire?

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Sandar fatsa na samu, saura ril, wato abin naɗe zaren. Aljihu ba nauyi. Tsakanin Shimano Sienna da Daiwa Crossfire wanne zan ɗauka? A dam ɗin Tiga nake zuwa fatsa.

Na Bakin Dam: Wa alaikumus salam. Wane kifi kake nema tukuna?

Sabon Shiga: Karfasa da tarwaɗa. In Allah ya kawo giwan ruwa kuma ba na ƙi.

Bazazzagi: Bakano ke nan. Ril bai zo hannu ba har ya fara cinikin giwan ruwa 😂

Baban Yara: Ƙanina, duk wanda ka ɗauka a cikin biyun nan ba ka yi asara ba, kamfanonin Japan ne da suka daɗe a harkar. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne marasa suna ɗin nan masu ƙyalli da ake rubuta wa 12+1 a kwali, wato yawan boris ɗin da ke ciki. Bara wani mai shago ya cika ni da zaƙin baki, wai boris goma sha uku, santsi kamar me. A shagon kam yana juyawa lafiya lau. Ranar da wata ƙatuwar tarwaɗa ta ja, birkin ril ɗin, wato abin da ke riƙe zare in kifi ya ja, ya ƙi sakin zare a hankali, sai ya riƙe gam, ya saki gaba ɗaya, ya sake riƙewa. A riƙo na uku zaren ya tsinke, ta tafi da ƙugiya. Da na kwance shi a gida, rabin boris ɗin sun yi tsatsa, haƙoran giya sun cinye. Na koma wa mai shago ya ce ai ruwa ne ya taɓa shi. Abin kamun kifi fa! Sienna 3+1 ne kacal, amma birkinsa na sakin zare daidai wa daida. Kafin ka biya, a naɗa masa zare, ka ɗaure birkin kaɗan ka ja da hannu. In yana fizga, ajiye musu kayansu.

Na Bakin Dam: Gaskiya ne Baba. Ga karfasa ril mai girman lamba 2500 ya wadatar, amma tunda akwai tarwaɗa ka ɗauki 4000, ya fi cin zare kuma birkinsa ya fi ƙarfi.

Ɗan Yawuri: Mu dai da mamari da koma muka gaji su. Ku da ril ɗinku kifi nawa kuke kaiwa gida?

Bazazzagi: A kasuwar Yankura suke biyawa su sayo, uwargida ta yi ta yabo.

Sabon Shiga: Zazzau dai ko suɗaɗɗen kifi sai an kai muku.

Mai Gyara: Ku ƙara Okuma Ceymar a lissafi. Kuma jabu ya yi yawa, har da masu tambarin Shimano. Mu da muke kwancewa mun fi ganin ɓarnar ƙurar hunturu da yashi fiye da ta ruwa. Kar a ajiye ril a ƙasa, kar a wanke da fetur. In an tashi daga fatsa a sassauta birki.

Na Bakin Dam: Ceymar ya fi su tsada ai.

Mai Gyara: Na gwanjo fa?

Baban Yara: Gwanjo sai wanda ya iya dubawa. Yaron nan sabo ne.

Ɗan Yawuri: Wai ruwa ya fara ja da baya a wajenku? Nan tsage sun fara cin ƙugiya.

Na Bakin Dam: Tsage sai da waya a bakin zare, in ba haka ba haƙoransu su datse.

Sabon Shiga: To ni dai har yanzu ba a ce min Sienna ko Crossfire ba.

Bazazzagi: Wanda aka fi rage maka. Ciniki ai gadonku ne.